Yatsun gunkin Nebukadnezzar: BRICS ne, Turai ce, ko ba ko ɗaya?

Talatu_Zonkwa:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Taimako nake nema kafin Lahadi. An ba ni ajin matasa, kuma Daniyel sura 2 za mu yi. To ga wani bidiyo yana ta yawo a wayoyin yaran. Wani mai wa'azi ne yake cewa yatsu goma na gunkin da Nebukadnezzar ya gani a mafarki su ne ƙasashen BRICS, ƙungiyar nan ta su Brazil da Rasha da Indiya da Sin, wai da Indonesiya ta shiga a Janairun 2025 suka cika goma cif, don haka dutsen da zai ragargaza gunkin ya kusa faɗowa. Har yana cewa Najeriya ma ta sa ƙafa a ciki tunda an karɓe ta a matsayin abokiyar hulɗa. Ni kuma abin da na taso ina ji shi ne Turai ce yatsun. Wanne ne daidai? Na san yaran nan, ba za su bar ni in tsallake wurin ba.

Ishaya_Gombe:
Hahaha, yanzu kuma BRICS aka koma? Lokacin da aka zo da BVN ai cewa aka yi lambar dabba ce, wadda ke cikin Ru'ya ta Yohanna. Yau duk masu faɗin haka da ita suke karɓar baiko.

Malam_Bitrus:
'Yar'uwa Talatu, kafin ki amsa musu, ki sa su buɗe surar su karanta da bakinsu daga aya ta 31 zuwa 45. Kan gunkin zinariya ne, ƙirji da damatsa azurfa, ciki da cinyoyi tagulla, ƙafafu baƙin ƙarfe, tafin ƙafar kuma ƙarfe gauraye da yumɓu. Sai dutsen da ba hannun mutum ya sare shi ba ya bugi ƙafafun, komai ya zama gari, iska ta kwashe, dutsen ya zama babban tsauni ya cika duniya. Idan sun gama sai ki ce su nuna miki inda aka rubuta "goma". Babu shi. An ambaci yatsu a aya ta 41 da 42, amma ba a ƙirga su ba, ba a kuma ce kowane yatsa ƙasa ce ba. Abin da Daniyel ya faɗa a kansu shi ne mulkin zai zama rababbe, wani sashe da ƙarfi, wani sashe mai saurin fashewa. Goman nan daga ƙahoni goma na sura 7 aka ɗauko ta aka liƙa. Kuma a duk surar, mulki ɗaya tak aka kira da suna: aya ta 38, inda ya ce wa sarkin Babila shi ne kan zinariyar.

Talatu_Zonkwa:
Ikon Allah. Yanzu na duba, da gaske babu goma a wurin.

Emma_Sabongari:
Haba Malam, ai wannan neman magana ne. Gunki mai siffar mutum yatsu nawa zai yi? Sai an rubuta?

Malam_Bitrus:
Emma, hannuwansa ma yatsu goma ne, kunnuwansa biyu. Me ya sa ba ka nema wa waɗannan ƙasashe ba?

Baba_Rabaran:
'Yata Talatu, bari in ba ki labari. A farkon shekarun 1980 wani mai bishara ya zo taron farkawa a gundumarmu da wani babban ƙyalle fari, ya kai faɗin zani biyu. An zana gunkin da fenti, kan rawaya, ƙafafu baƙi, kowane yatsa an ja masa layi an rubuta sunan ƙasa: Faransa, Jamus, Italiya, har zuwa Girka. Ya ɗaure shi tsakanin bishiyoyin mangwaro biyu, yana nunawa da tsumagiya a hasken fitilar aci-balbal. Hujjarsa tana da kama hankali, don a birnin Roma aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar kasuwar Turai a 1957 da ƙasashe shida, kuma Girka ce ta goma da ta shiga a 1981. Mata suka yi ta kuka, mutane da yawa suka fito gaba. A 1986 Sifaniya da Fotugal suka shiga, suka zama goma sha biyu. Yau ashirin da bakwai ne, bayan Birtaniya ta fice a 2020. Abin da ya fi damuna ba lissafin ba ne. Akwai samarin da suka tuba a daren nan saboda ƙyallen, da ƙyallen ya ƙi ci sai suka haɗa shi da Littafin suka ajiye gaba ɗaya. Wasunsu har yau ba su dawo ba.

Ishaya_Gombe:
Kuma su BRICS ɗin ma, in aka sa Saudiyya goma sha ɗaya ne. Sai dai a ce gunkin mai cindo ne.

Emma_Sabongari:
Baba, da girmamawa, don wani ya yi kuskuren lissafi ba ya nufin annabcin ba zai cika ba. Sura 7 aya ta 24 ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ƙahoni goman sarakuna goma ne da za su fito daga mulki na huɗu, sannan wani ya taso ya ka da uku. Mulki na huɗu Roma ce. Roma ba ta taɓa samun sarakuna goma a lokaci ɗaya ba, to ke nan abin yana gaba.

Yakubu_Tarihi:
Emma ya taɓo ainihin wurin. Duk rigimar yatsu ta rataya ne a kan wane ne mulki na huɗu, kuma wannan muhawara ta girmi kakannin kakanninmu.

Tarihin dai a fili yake. Nebukadnezzar ya yi mulki daga 605 zuwa 562 kafin Almasihu. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539. Iskandari na Girka ya karya Farisa a yaƙin Gaugamela a 331, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32, manyan hafsoshinsa suka yayyaga ƙasar. Romawa kuma sun shiga Urushalima a 63 ƙarƙashin Pompey.

Lissafin da yawancinmu muka gada shi ne Babila, Mediya da Farisa a haɗe, Girka, Roma. Shi Jerome, tsohon malamin ikkilisiya, ya bi a sharhinsa wajen shekara ta 407 bayan Almasihu. Amma akwai wani lissafin, wanda tsofaffin malaman ikkilisiyar Suriya suka bi, kuma yawancin masana a jami'o'i yau shi suke bi: Babila, Mediya, Farisa, Girka. A wurinsu ƙaramin ƙahon nan na sura 7 mai bakin fahariya Antiyokus na huɗu ne, jikan ɗaya daga hafsoshin Iskandari, sarkin Suriya daga 175 zuwa 164, wanda ya hana Asabar da kaciya, ya tsayar da hadaya, ya ƙazantar da Haikali a 167. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sura 2 aya ta 39 ta ce mulki na biyu bai kai na Babila ba, alhali Farisa ta ninka Babila faɗi. Littafin kansa yana jera Dariyus Bamediye, sannan Sairus Bafarise, sannan a 10:20 a ambaci Girka. Ga kuma 2:43, inda aka ce za su gauraya ta hanyar aure amma ba za su manne ba. Gidan sarautar Suriya da na Masar sun yi ta ba juna 'ya'ya mata don a zauna lafiya, abin yana ƙarewa da yaƙi, kuma sura 11 aya ta 6 da ta 17 auren nan suke magana a kai.

Fasto_Haruna:
Malam Yakubu, ka kawo nasu da kyau, bari in kawo namu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A sura 8 mala'ika Jibra'ilu da kansa ya fassara: ragon mai ƙaho biyu sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun kuma Girka. Rago ɗaya ne, ba biyu ba. A 5:28 an ba da mulkin Belshazzar ga Mediyawa da Farisawa tare, a sura 6 doka ɗaya ce ta Mediyawa da Farisawa. Kai ma ka sani Sairus ya riga ya haɗiye Mediya wajen 550, tun kafin ya zo Babila, to yaushe Mediya ta yi zamaninta ita kaɗai bayan Babila? Sannan damisar sura 7 kawuna huɗu gare ta, bunsurun sura 8 ƙahoni huɗu suka fito masa bayan babban ya karye. Wannan Girka ce, kuma ita ce ta uku. Ƙaramin ƙahon sura 8 daga ɗaya cikin huɗun ya tsiro, na sura 7 kuwa daga tsakiyar goma. Ba dole su zama mutum ɗaya ba. Na yarda na sura 8 Antiyokus ne. Amma Ubangiji Yesu a Matiyu 24:15, kusan shekara ɗari biyu bayan mutuwar Antiyokus, ya yi maganar abin ƙyamar da Daniyel ya faɗa a matsayin abin da ke gaba.

Yakubu_Tarihi:
Ranka ya daɗe, maganar ragon tana da ƙarfi, ban da ja. Ni ma Roma na fi karkata, saboda Luka 2 ya fara da Augustus kuma a zamanin Roma aka fara shelar Mulkin Allah. Abin da nake so 'yar'uwa Talatu ta gani shi ne, sunan Roma ba ya cikin sura 2 ko 7. Mu muka kai can da lissafi. Girka da Farisa kuwa an rubuta su a sura 8. To idan Roma ma sai da lissafi, ina ga Indonesiya?

Rahila_K:
Don Allah ku yi a hankali, wasunmu sakandare muka tsaya. Ke nan Kirista zai iya cewa Girka ce ta huɗu bai yi saɓo ba?

Fasto_Haruna:
Bai yi ba, 'yar'uwa. Inda ni nake taka birki shi ne idan aka ce an rubuta littafin ne bayan abubuwan sun faru, aka sa masa rigar annabci. Wani masanin falsafa mai adawa da Kiristanci, Porphyry, ya faɗi haka tun ƙarni na uku, Jerome ya mayar masa da martani. Akwai masana Kirista yau da suke sa rubutun littafin a zamanin Antiyokus kuma ba su bar bangaskiya ba, na sani, amma ni ban bi su ba.

Danjuma_Jengre:
Kun tsallake abu mafi muhimmanci. Daniyel 8:14, maraice da safiya 2,300, sannan a tsarkake Wuri Mai Tsarki. A annabci rana ɗaya shekara ce, ku duba Littafin Ƙidaya 14:34 da Ezekiyel 4:6. Ku fara ƙirga daga 457 kafin Almasihu, shekarar umarnin Artashate sarkin Farisa, za ku sauka a 1844. Kuma mala'ikan ya ce wahayin na ƙarshen zamani ne, aya ta 17. Antiyokus ƙaramin sarki ne, har jakadan Roma ya kore shi daga Masar. Ta yaya zai zama ƙahon da ya yi girma ƙwarai?

Ishaya_Gombe:
Malam Danjuma, 1844 ɗin nan ba ita ce mutanen mai wa'azi William Miller suka zauna jiran dawowar Almasihu a Amurka ranar 22 ga Oktoba har gari ya waye ba?

Danjuma_Jengre:
Ita ce. Lissafin daidai ne, abin da suka zata zai faru ne ba daidai ba. Ba dawowar Almasihu duniya ba ce, aikinsa ne a Wuri Mai Tsarki na sama. Ka yi dariyarka, amma ka amsa mini aya ta 17.

Malam_Bitrus:
Ba dariya ba, tambaya ce mai kyau. Amma ayoyin biyu da ka kawo hukunci ne a kan wasu mutane a wani lokaci, ba a ce ma'auni ne na kowane annabci ba. Kuma maraice da safiya lokutan hadayar kullum ne, wadda aya ta 11 zuwa 13 suka ce an tsayar. Shi ya sa wasu suke raba 2,300 biyu, su samu kwana 1,150, shekara uku da 'yan watanni. Daga ƙazantar da Haikali a 167 zuwa ranar da Yahuza Makabi, jagoran Yahudawa, ya tsarkake shi a 164 shekara uku ne. Bai zauna daidai da daidai ba, ba zan ɓoye ba, amma ya fi kusa. Idin tunawa da wannan tsarkakewar shi ne wanda Yesu ya halarta a Yohanna 10:22.

Danjuma_Jengre:
"Ya fi kusa" ba cika ba ne, Malam.

Mama_Saratu:
'Ya'yana, ni ban iya waɗannan lissafin ba. Abin da na gani da idona zan faɗa. Ƙarshen 1999 maƙwabcinmu ya sayar da awakinsa da buhunan masararsa a banza, wai duniya za ta tashi daren shiga 2000. Bai biya wa yara kuɗin makaranta ba. A watan Yuni matarsa tana zuwa gidana da kwano a ƙarƙashin mayafi. Talatu, ki faɗa wa yaran nan su yi karatunsu, su rubuta jarrabawa. Shi Daniyel ɗin da ya ga wahayin, ba na ji an ce ya yi ciwo 'yan kwanaki sannan ya tashi ya koma aikin sarki ba?

Fasto_Haruna:
Haka ne Mama, ƙarshen sura 8, aya ta 27. Har ya ƙara da cewa bai gane wahayin ba.

Sani_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Tambayata daban ce. In mulkokin duniya ake magana, ina Sin, ina Indiya? Ina Mali da Songhai da Borno? Borno ta daɗe fiye da Babilar Nebukadnezzar nesa ba kusa ba. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata wannan na rasa ta cewa.

Yakubu_Tarihi:
Malam Sani, gaskiya ne, mulkin Babila na gidan Nebukadnezzar bai cika shekara ɗari ba, daga 626 zuwa 539. Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce, wahayin ba jerin manyan daulolin duniya ba ne. Jerin waɗanda suka taka Urushalima da mutanenta ne, ɗaya bayan ɗaya. Daga can ake kallon duniyar. Afirka ta fito inda ta shafi labarin, 11:43 ya ambaci Masar da Libiya da Kush. Wannan ma wata matsala ce ga mai bidiyon. Me ya haɗa Brazil da ƙafafun ƙarfe? Masu cewa Turai aƙalla suna da zaren Roma a hannu. Shi kuwa goma kawai ya gani.

Abdul_Zariya:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin aikina ya sa ni a nan, ina karatu ne kawai. Sunan Daniyel bai zo a Alƙur'ani ba, amma littattafan tarihinmu sun san shi, sun kuma san sarkin da sunan Bukhtanassar. Har yau akwai hubbaren da ake danganta masa a garin Shush a Iran. Mu ma muna da masu wannan hali, duk yaƙin da ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya sai su ce ga Yajuju da Majuju, ga Dujal. Malamanmu na ƙwarai cewa suke sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai.

Baba_Rabaran:
Amin, alaikassalam ɗana. Maraba da kai. Shush ɗin nan ita ce Shushan da Daniyel ya ga kansa a ciki a farkon sura 8. Mu ma haka aka faɗa mana a Ayyukan Manzanni 1:7, ba namu ba ne mu san lokatai.

Emma_Sabongari:
Ni fa abin da nake gani a nan, kuna so ku kashe wa mutane zafin jiran Ubangiji. Ru'ya ta Yohanna 13 ta haɗa damisa da beyar da zaki a dabba ɗaya mai ƙahoni goma. Sura 17 ta ce sarakunan goma ba su karɓi mulki ba tukuna. Ko BRICS ce ko ba ita ba, suna zuwa. Mu zauna mu yi barci ke nan?

Malam_Bitrus:
Ba wanda ya ce a yi barci. Ka ce suna zuwa, na ji, masu bi da yawa haka suka fahimta. Amma ka duba waɗanda aka riga aka sa wa ƙahon nan. Masu gyaran ikkilisiya sun ce Paparoma ne. Luther ya ga Turkawa a ciki, a zamanin da suka kewaye Vienna a 1529. Aka zo kan Napoleon, aka zo kan Hitler. Da Saddam ya sake gina Babila da tubala masu ɗauke da sunansa, sai aka ce shi ke nan, ga ta nan, musamman lokacin yaƙin 1991. Kowannensu da aya a hannu. Abin ya zama irin na mai sayar da takalmi a kasuwa, ka sa ya matse ka har kana ɗingishi, shi kuma yana cewa ka tafi da shi, zai buɗe.

Emma_Sabongari:
Wata rana kuma zai shiga daidai, ku kuna nan kuna tarihi.

Kulawa_da_Zaure:
Jama'a a sassauta. Emma, Malam Bitrus, ku bar gugar zana. An goge saƙo biyu da suka kira wata ɗarika da suna mara kyau, kada a sake.

Rahila_K:
Ni dutsen ne ban gane ba. Ya riga ya faɗo ko bai faɗo ba? In ya faɗo a zamanin Yesu, me ya sa har yanzu masu mulki suke cin zalinmu?

Fasto_Haruna:
Nan ma an rabu. Wasu sun ce ya faɗo da zuwan Almasihu na farko, yanzu girma yake yi har ya cika duniya. Wasu sun ce bugu ɗaya ne mai ragargazawa, don haka sai zuwansa na biyu. Ni ina riƙe da duka biyun, an fara, ba a gama ba. Josephus ma, marubucin tarihin Yahudawa da ya zauna a Roma yana cin abincin sarakunanta, da ya zo kan dutsen nan sai ya ce shi aikinsa rubuta abin da ya wuce ne, mai son sani ya je ya karanta Daniyel. Ya san a gidan wa yake zaune.

Talatu_Zonkwa:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwa. Ga abin da na shirya. Zan raba allo biyu, gefe ɗaya abin da Littafin ya fassara da kansa, gefe ɗaya abin da mutane suka fassara. Zan sa Roma a gefe na biyu amma in ce ita ce aka fi bi a ikkilisiyarmu. Baba Rabaran, in kun yarda zan ba su labarin ƙyallen.

Emma_Sabongari:
Roma a gefe ɗaya da BRICS? Haba Anti, wannan kuma ya yi yawa.

Yakubu_Tarihi:
A nan kam ina bayan Emma. Ki yi gida uku.

Baba_Rabaran:
Ki ba su, 'yata, amma kada ki sa su yi wa mutumin dariya. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma da keke ya zo daga nesa.

Danjuma_Jengre:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini 8:17. Kuma in kun isa sura 9, makonni saba'in ɗin, ina so in ga wanda zai ƙirga su ba tare da ya mai da rana shekara ba.